Muryar Talatu da Ban Saurara Har Ƙarshe Ba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya tashe ki lafiya jibi, Ya kai ki Filato lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, da wanda za ki iya jawo wa kanki da hannunki. Na ɗora takardar nan a kan akwatinki ne don ki karanta ta yau. Kada ki cusa ta cikin kaya ki ce sai kin hau mota.

Kin san ni ban iya zaman hira da 'ya'ya ba. In na fara yi miki magana faɗa take komawa, ke ki sunkuyar da kai kina latsa waya, ni in tashi in shige kicin. Shi ya sa na nemi biro. Ba zan maimaita miki maganar salla da kama kai a wurin bautar ƙasa ba, wannan kin sha ji, kuma ban taɓa kama ki da sakaci a kai ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne bakinki. Irin nawa ne sak, kuma nawa ya raba ni da Talatu. Ina tsoron naki ya raba ki da wadda ba ki da kamarta.

Ke kin san Inna Talatu ne a matsayin maƙwabciyar da gidanta ke kallon namu, mai ba ku ƙuli-ƙuli in kun dawo daga Islamiyya. Ba ki san farkonmu ba. Ranar da aka kawo ni layin nan ina amarya, ita ce ta fara leƙowa. Ta tambayi 'yan rakiya daga ina aka kawo ni, suka ce daga cikin gari. Ta tafa hannu ta ce, "Alhamdulillahi, na samu baiwa! Bakanuwa, tashi ki ɗebo min ruwa." Ina cikin lulluɓi na ce, "Yaushe Zage-zagi suka fara shiga gidan mutane ba sallama?" Gwaggona ta mintsine ni a cinya, ɗakin kuwa ya kwashe da dariya. Tun daga ranar ba mu sake gaisawa da ladabi ba.

Wasan Kanawa da Zage-zagi ba mu muka ƙirƙiro shi ba, gadonsa muka yi. Ita ta ce Bakanuwa ko gaisuwa ce sai ta nemi ragi. Ni in ce Bazazzagiya in ka tambaye ta hanyar kasuwar Tarauni sai ta faro maka daga ranar da aka yaye ta. A cikin wannan tsokana ta dafa min ruwan wankan jego lokacin da na haife ki, tana fifita wuta tana cewa Kanawa ragwaye ne. A cikinta ni ma na yi jinyarta da ta karye a ƙafa. Amma wasan yana da ƙa'idar da ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana. Ido da ido ake yin sa. In ta shigo na ga idanunta sun kumbura, sai in haɗiye abin da na shirya in ce, "Zauna, me ya faru?" Kuma duk wanda ke wurin ya san ko mu su waye.

Kuskurena na farko shi ne na kwashi wasan tsakar gida na zuba shi a waya. An buɗe guruf ɗin matan layinmu ne don sanarwar suna da biki da rasuwa, da ranar da famfo ya kawo ruwa. Da farko mu ne kawai, kowa ta san ɗakin kowa. Sannu a hankali wannan ta sa surukarta, waccan ta sa ƙawarta ta Darmanawa, wata ta sa 'yar uwarta ta Ƙauyen Alu, har ya zama rabin masu magana ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ni kuwa ban sauya komai ba. Talatu na yin magana sai in caɓe da "baiwata ta farka". Waɗanda suka san mu su yi dariya don sun san zumuncin da ke ƙarƙashi. Waɗanda ba su san mu ba su yi dariya don sun ɗauka an samu wata tsohuwa da aka halatta wa kowa ya taɓa.

Ki riƙe wannan, Rukayya. Wasan da kike yi da mutum naku ne ku biyu. Ranar da kika rubuta shi a gaban taro kin raba wa kowa izinin da ke kaɗai aka ba wa, kuma ba za ki iya karɓowa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin da sanina na yi shi. Na ji daɗin dariyar. Ina rubuta layi ɗaya sai 'yan fuskokin nan masu dariya da hawaye su jero, ana "Hajiya Sa'a za ki kashe mu", ni kuma in riƙa komawa ina dubawa ko an ƙara. Mace mai jikoki, ina zaune da buta a gefe ina jiran baƙi su yaba min iya gatse. Daga Talatu na wuce kan wasu. Wata ta sa hoton dambun da take sayarwa, na ce Allah Ya sa a yi ruwa ya jiƙa shi. Wata ta yi tambaya a kan ciwon yaronta, na ce likitocin guruf ku fito ga aiki. Akwai matan da suka daina magana gaba ɗaya, na lura, na ce ai ba su san wasa ba.

An gargaɗe ni. Maman Rifkatu, malamar firamaren nan 'yar kudancin Kaduna da ke ƙarshen layi, ta tare ni wajen masu kayan miya a kasuwar Tarauni ta ce, "Hajiya, wasan nan naki a baki yana da daɗi. Amma a rubuce fa ba ma jin dariyarki, maganar kawai muke gani." Na dube ta na ce, "Malama, ai yau Asabar, ba makaranta." Ta yi murmushi ta ci gaba da zaɓen tattasai. Malamarmu ta Islamiyya ma ta sha karanta mana hanin da Allah Ya yi a kan izgili, ina gyaɗa kai ina tunanin wasu matan.

In wani ya ja ki gefe ya ce maganarki ta yi ciwo, kada ki ba shi amsa da wata mai ciwon. Ki yi shiru ki koma gida da ita. Kuma ki ji tsoron wurin da ake yabon ki da iya yanka mutane. Masu tafa miki ba su za su ɗauki alhakin ba.

Yanzu ga ranar da nake so ki sani, don ke kina makaranta lokacin, abin da aka gaya miki kawai shi ne Malam Isuhu, mijin Inna Talatu, ya rasu.

Talatu ba ta yi boko ba, ba ta karatu, ba ta rubutu. Murya take turawa, kuma muryarta doguwa ce, domin a tarbiyyarta ba a roƙon ko gishiri sai an gaisa. Sai ta gaida manya, ta gaida ƙanana, ta tambayi masu jego da marasa lafiya, kana ta zo kan magana. Malam Isuhu yana kwance a asibiti a lokacin, na je na duba shi, na baro shi yana shan kunu da hannunsa. Da hantsin ranar ina tsintar shinkafa, na ɗauko wayata daga caji na ga Talatu ta kira ban ji ba. Na ce surutu ne, in na gama na kira ta. Sai na ga ta tura murya a guruf, doguwa fiye da kullum.

Na danna. Na kuma danna abin nan da kika koya min, mai sa murya ta yi gudu. Ke kin san yadda yake mayar da muryar mutum, kamar ta 'yar tsana. Na ji tana gaida Hajiya wance da Hajiya wance, na ji tana tambayar ya aka ji da zafi. Ban kai ko rabi ba na tsayar, na goge hannuna a zani na rubuta: "Jama'a a kawo tabarma da filo, gidan rediyon Zazzau ya buɗe. Duk wadda ta kai ƙarshe ta ba mu labari, in muna raye."

Dariya ta ɓarke. Wata ta sa sitikar tsohuwa tana gyangyaɗi. Wata yarinya, amaryar wani a Ƙauyen Alu, wadda ba ta taɓa ganin Talatu ba, ta turo murya tana kwaikwayon gaisuwarta, har da tarin da take yi a tsakani. Ni kuma maimakon in tsawata, na ƙara da cewa, "Ku bar min baiwata, da surutun aka haɗa min ita." Yayyenki su Kabiru suna falo suna kallon ƙwallo. Motar babanku tana ƙofar gida.

Na ɗora shinkafa har ta fara tafasa, na dawo in ga ko an ƙara dariya. Sai na ga Maman Rifkatu ta rubuta: "Don Allah, akwai wadda ta saurara har ƙarshe kuwa?"

Na mayar da muryar yadda take na saurara. A yadda take, tun daga sallama ana jin muryar tana rawa. Bayan gaisuwar ta ja hanci, ta ce jikin Malam ya rikice, jini yana zuba, an ce a kawo masu ba da jini yanzu-yanzu, ɗanta Sani ya bayar bai isa ba. A ƙarshe ta ce, "Sa'a, in kina ji, ki turo min su Kabiru." Tun ina amarya ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba sai ranar.

Ki saurari mutum har ya kai aya, Rukayya, ko da ya gundure ki. Wanda ya fi tsawaita gaisuwa sau da yawa shi ne wanda roƙo ke yi wa nauyi. In ba ki da lokacin saurare, to ba ki da lokacin ba da amsa.

Me kike tsammani na fara yi? Ba mayafi na ɗauka ba. Gogewa na yi. Na goge maganganuna biyu, sai wayar ta bar shaida a wurin cewa an goge saƙo, ga dariyar mutane jere a ƙarƙashi ba abin da suke yi wa. Sannan na kora su Kabiru asibiti. Suka tarar mijin Maman Rifkatu da babban ɗanta sun riga sun bayar, suna zaune a benci an danne musu hannu da auduga. Ni ban je ba a ranar. Kunya ta hana ni, na ce kaina ke ciwo. Washegari na bi ayarin matan layi na ɓuya a tsakiyarsu, na ajiye kular abinci na ce ya mai jiki, na fito.

Bayan 'yan kwanaki Malam Isuhu ya cika. Likita ya ce ba jinkirin jini ba ne, ciwon ne ya ci ƙarfinsa, kuma na yarda kwanansa ne ya ƙare. Ba ina gaya miki na kashe mutum ba ne. Ina gaya miki an kira sunana a ranar da aka fi bukatata, na amsa da tabarma da filo.

Da na shiga gaisuwa, Talatu ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An gode, Allah Ya ba da lada." Yadda ta ce wa kowa. Duk tsawon takabarta ina aika abinci, kwano na dawowa a wanke da godiya. In na leƙa ta sa a shimfiɗa min darduma, ta tambaye ni Alhaji da yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na riƙa lallashin kaina cewa ai ba ta karatu, na kuma goge da wuri, ba ta gani ba, baƙin cikin rashi ne kawai. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe kuma mafi tsawo. Na san gaskiya, na zaɓi in jira ta wuce da kanta. Gogewa ba ban haƙuri ba ce, aika tuwo ma ba ban haƙuri ba ne. In kin yi laifi ki je da ƙafarki a ranar, ki faɗi abin da kika yi da sunansa, tun kafin mutum ya koyi zama ba tare da ke ba.

Da ta fita takaba 'yan uwanta suka ce ta koma Zariya. Ana gobe za a zo ɗaukarta na shiga ni kaɗai. Na same ta tana naɗe labule, ɗakin duk a kwance. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce, "Talatu, ranar da kika tura murya daga asibiti, na rubuta wata magana."

Ta ce, "Ai na ji, Hajiya."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Sani ya karanta min. Muna tsaye a baranda na ce duba min ko Sa'a ta amsa. Ya ce ta amsa. Na ce to karanta. Ya ce Inna a bar shi. Na ce karanta mana, ko sun taho ne? Kin san Sani, yadda ake karanta takardar magani haka ya karanta min. Tabarma da filo. In muna raye."

Na kasa ɗaga kai. Ta ci gaba da naɗe labulenta ta ce, "Sai na ga wata ta turo murya, na ce wannan dai mai cewa ga ta nan zuwa ce. Na kara a kunne. Na ji yarinya tana yin irin tarina."

Na ce, "Wallahi wasa ne, Talatu, ban saurara ba ne."

Ta ce, "Na san wasa ne. Da a tsakar gidan nan kika faɗa da na rama, da sai kin gudu ba takalmi. Amma can wa zan rama wa? Ban san su ba." Ta ajiye labulen ta dafa kafaɗata. "Na yafe miki duniya da lahira, tashi. Ni ma na so mu koma yadda muke. Ina ganin kin shigo sai in shirya abin da zan ce miki, in buɗe baki, sai in ji muryar Sani."

Washegari aka loda kayanta. Ta bi gida-gida ta yi sallama, ta zo namu ta ce Allah Ya bar zumunci, a gaida Alhaji. Na kira ta sau da dama tun tafiyarta. Tana ɗauka, mu gaisa tsaf, ta yi min addu'a, mu ajiye. Ba na jin akwai sauran abin da zan yi. Yafiya ta ba ni, kuma ita ce kawai abin da ake iya roƙa.

Guruf ɗin yana nan, ban fita ba, ina ciki shiru. Har yanzu wasu kan ce, "Hajiya Sa'a kin yi mana rowa, a ɗan ba mu dariya mana." Yaran da suka koya a wurina kuwa sun fi ni iyawa yanzu. Makon jiya wata ta sanar da ɓatan akuyarta, suka yi ta yi mata ta'aziyya. Na rubuta cewa a bari, ba kyau. Wata ta amsa, "Yau kuma Hajiya ce da wa'azi?" Na kife wayar.

To ga dalilin takardar nan. Nafisa, 'yar kawunki ta Babban Giji, taubashiyarki ce, na sani, kun saba tun kuna yara ke ki ce mata mai kan kwakwa ita ta ce miki sandar rake. Amma kin san tun da aurenta ya mutu ta dawo gida ba ta fita ko ƙofa, sai da uwarta ta lallaɓa ta ta shiga koyon ɗinki. Ran nan ta sa hoton rigar farko da ta ɗinka da kanta a guruf ɗin dangi, inda akwai surukai da matan 'yan uwa da ba su san tsakaninku ba. Kika rubuta, "Masha Allah, an yaye tela. Wannan ta mutum ce ko ta kujera?" Aka yi ta dariya. Ta cire hoton. Uwarta ta gaya min a waya cewa keken ɗinkin yana rufe da zani tun ranar.

Kin san abin da ya fi tayar min da hankali? Da na karanta, sai da na yi dariya kafin in tuna. Bayan duk abin da na ba ki labari. Abin ya riga ya bi jikina, kuma ni na sa miki shi, domin tun kina 'yar ƙarama in kika kwaikwayi tafiyar baƙo nakan kira mutane su zo su gani.

Inda za ki za a jefa ki cikin guruf iri-iri, da mutanen da ba su san Bakano ba balle taubashi. In ba ki yarda da magana ba ki ce ban yarda ba, ga dalilina, da harshe miƙaƙƙe. In gyara za ki yi wa mutum ki bi shi shi kaɗai. In ana yi wa wani taron dangi kada ki sa ko da 'yar fuskar dariya ce, domin wanda ake yi wa yana bin sunayen ɗaya-ɗaya yana dubawa. Kafin ki tura kowace magana ki karanta ta a fili, da murya ba dariya, kamar wani ne ke karanta wa mai ita a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta.

Gobe da safe, kafin ki je kitso, ki hau adaidaita ki tafi Babban Giji. Ki samu Nafisa a ɗakinta. Kada ki ce mata wasa kike yi, ta sani. Ki ce kin yi kuskure, ki nemi ta nuna miki rigar, ki tsaya ki dube ta da kyau. Sannan ki koma guruf ɗin ki rubuta ban haƙuri a gaban waɗanda suka yi dariyar. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Ban sani ba ko za ki ji. An gaya min a tsakiyar kasuwa da rana tsaka ban ji ba, kuma ke jinina ce. Wataƙila ki karanta ki ce Umma ta cika ɗaukar abu da zafi. Wataƙila ma ki je ki tarar Nafisa ta shimfiɗa miki darduma ta tambaye ki mutanen gida. In haka ta faru, ki zauna duk da haka, ki dawo ki sake komawa da yamma. Ke kina da gobe ɗaya kafin mota ta tashi.

Allah Ya tsare min ke a tafiya da zama. Ya haɗa ki da mutanen da za su yi miki uzuri, Ya kama hannunki a lokacin da magana mai daɗin faɗa ta zo miki. Ya yafe min abin da na koya miki. Ya dawo min da ke gida lafiya, ba tare da hakkin kowa a wuyanki ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Sa'adatu.